Yadda ake kwance hob ɗin gaba na motar daji, a wanke boris, a mayar da shi daidai

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, aikin da ya fi shigo mana gareji a nan Jos shi ne kukan ƙafa. Motocin da ke ɗauko dankalin Turawa daga ƙauyukan Bokkos da Mangu, da masu shiga gonaki ta Miango da Bassa, da na 'yan haƙar kuza da ke yawo a bayan Barikin Ladi, duk ciwonsu ɗaya. Mai mota zai rantse maka bai fi wata huɗu da sa sabon boris ba. Ka kwance, ka tarar giris ya tsinke ya koma kamar kunun kanwa, tsatsa ta zana layi a jikin kofi, wato zoben ƙarfen da ƙwayayen boris ke gudu a ciki. Ba nauyin buhuna ne ya kashe shi ba. Ruwa ne ya shiga, ko ƙasa, ko kuma wanda ya ɗaura notin hob, wato cibiyar da taya ke ɗaure a kai, ya ɗaura shi da ka, da guduma da kurfi, ba tare da ya auna komai ba.

Bayanin nan na motocin da hob ɗinsu ke da boris biyu masu kan mazurari da noti biyu ne: Land Cruiser 70 da ake ƙerawa tun 1984, da 80 ta shekarun 1990 zuwa 1997, da 105, da tsofaffin Hilux na kafin Vigo. Alƙaluman ɗauri da zan kawo na Land Cruiser 80 ne. Na sauran ba su yi nisa da su ba, amma in kana da littafin gyaran motarka, shi za ka bi.

Fara da tabbatar da cewa boris ne

Kada ka kwance komai tukuna. Tayar da ta ci gefe ɗaya, musamman mai manyan haƙora ta shiga taɓo, tana gurnani iri ɗaya da mataccen boris, kuma mutane da yawa sun sayi boris alhali taya ce ke damunsu. Ka hau kwalta mai kyau inda babu cunkoso, ka kai gudun da ƙarar ke fitowa, sai ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama. Kukan boris yana ƙaruwa idan nauyi ya koma kansa, ya ragu idan nauyin ya bar shi. Kukan taya kuwa yana sauya murya ne idan shimfiɗar hanya ta sauya.

Sai ka ɗaga ƙafar da jak. Kama tayar ta sama da ta ƙasa, ka jijjiga. In ka ji ƙwas-ƙwas, sa yaro ya shiga ya taka birki ya riƙe, ka sake jijjigawa. Idan wasan ya ɓace, boris ɗin hob ne, domin birki ya damƙe faifansa da hob wuri guda. Idan yana nan, ciwon na ciki ne: ƙananan boris ɗin sama da ƙasa na kwanon aksil (gidan da ke karkata da taya in an murɗa sitiyari), ko boljoyin a motar da ke da shi. Wasan da ka ji sa'ad da ka kama tayar ta gefe da gefe kawai, tayarod za ka duba.

Juya tayar da hannu, ka sa kunne. Lafiyayyen boris shiru yake. In kana jin kamar ana niƙa tsakuwa, ya tafi. Akwai kuma alamar da direbobi ba sa dangantawa da hob: ka sha kwana mai ƙarfi, ka zo taka birki, sai ƙafarka ta nutse kafin ya kama, taki na biyu kuma lafiya lau. Faifai ne ke rangaji saboda hob ya saki, yana tura birki baya.

Kayan da za ka tanada

Soket mai lamba 54 shi ne uban tafiya, kuma shi ne abin da gareji da yawa ba su da shi. Rashinsa ke sa a kama notin da kurfi ana duka, shi ya sa za ka ga notin tsohuwar mota duk ya tattauye kamar ƙashin da kare ya gaigaya. Saye shi sau ɗaya, zai yi maka shekaru. Bayan shi kana buƙatar soket 10, 12 da 17, filayar buɗe sikilif (ƙaramin zoben ƙarfe mai riƙe bakin shaf), guduma, sandar tagulla ta bugu, sukudireba mai faɗin baki, waya ta rataye kalifa (muƙamuƙin birki mai damƙe faifai), kananzir ko man gas na wanki, buroshi, da tsumma mai tsabta da yawa. Sai ƙaramin sikeli mai ƙugiya, irin na masu auna kaji ko kifi, wanda ya kai kilo 20. Za ka ga amfaninsa a gaba. In akwai sifanar auna ɗauri, madalla.

Na saye kuwa: sil ɗin bayan hob (zoben roba mai hana ruwa shiga da giris fita), washa mai kunnuwa ta kulle noti, gaskit ɗin takarda guda biyu na makullin hob (abin murɗawar da ke haɗa hob da shaf ko ya raba su), da giris. Waɗannan ba a mayar da tsofaffinsu. Boris kuma sai ka wanke ka duba kafin ka san ko zai koma, amma in tafiyar kasuwa za ta yi maka wuya, saye ka ajiye.

A Dilimi za ka samu kusan komai, sai dai ka buɗe ido. Koyo, NSK, Timken da SKF sunaye ne masu kyau, kuma saboda kyansu ne ake buga jabunsu. Tafi da tsohon boris ɗinka ko lambar da ke jikinsa. Dubi rubutun da ke kan ƙarfen, ba na kwali ba: na gaske rubutunsa a tsare yake, ƙwayayensa sumul, kejin da ke riƙe su ba ya da kaifin baki. Na taɓa karɓar wani a wani shago saboda kuɗinsa bai kai rabin na maƙwabcinsa ba, na sa wa motar wani dattijo mai kai taki gona. Sati uku ya dawo. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, araha ba ta ado." Na sake aikin daga aljihuna.

Giris iri biyu ne a ƙafar nan, kada ka haɗa su. Na boris shi ne mai sinadarin litiyam, lamba 2, wanda aka rubuta yana jure zafin birkin faifai. Baƙin giris mai moli na cikin kwanon aksil ne, inda gwiwar shaf take. Wanda ake aunawa a leda daga buɗaɗɗen bokiti a bakin titi, wanda ƙurar hunturu ta gama sauka a kansa, bar shi wa masu baro.

Kwancewa

Nemi wuri mai daidai, ƙasa mai tauri. Ja birkin hannu, sa giya, sa waigi a tayoyin baya gaba da baya. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Kada ka bar motar a kan jak kaɗai, sa mata ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri a ƙarƙashin aksil. Bulon siminti ba abin yarda ba ne, yana fashewa ba sallama. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin shasi ta zama mataimaki na biyu.

Cire kalifar birki: kusoshi biyu ne a bayanta, lamba 17. Rataye ta da waya a jikin sifirin, kada nauyinta ya sauka a kan tiyon mai. A wasu motocin bututun ƙarfe ne ya shiga kalifar kai tsaye, dole sai ka kwance shi. In haka ne, toshe bakinsa, kuma ka san za ka fitar da iska daga birki a ƙarshe. Gaya wa duk wanda ke kusa kada ya taɓa fedar birki daga yanzu.

Juya makullin hob zuwa inda aka rubuta FREE. Kwance ƙananan kusoshi shida na murfin, lamba 10, ka zare shi a hankali tare da sifirin ɗinsa. A ciki za ka ga bakin shaf da sikilif a jikinsa. Buɗe shi da filaya ka ajiye a gwangwani. Yawancin 80 masu fowil na dindindin, wato waɗanda tayoyinsu huɗu ke ja kullum, ba su da makulli, faranti ne kawai da ƙaramar hula a tsakiya. Cire hular, sikilif ɗin na ƙarƙashinta.

Yanzu ka iso wurin da ake zagin Toyota. Gangar makullin tana zaune a kan kusoshi shida, kowace da noti lamba 12, kuma ƙarƙashin kowane noti akwai washa mai siffar mazurari da ta cije ramin. Ko ka cire notocin duka, gangar ba za ta motsa ba. Abin da yara ke yi shi ne su cusa kurfi tsakanin ganga da hob su buga. Kada ka yarda. Fuskar nan ita ce ke hana ruwa shiga, in ta sami tabo ta gama aiki. Sassauta kowane noti har ya yi daidai da kan kusarsa, ɗora sandar tagulla a kai, ka ba shi bugu ɗaya mai kyau. Girgizar ce ke sa mazurarin ya yi tsalle ya fito, notin da ka bari kuma shi zai hana shi tashi ya ɓace cikin ƙasa. Wanda ya ƙi, ɗiga masa man sassauta tsatsa, ka wuce na gaba, ka dawo masa. In ya ɗan leƙo, sa bakin siririn sukudireba a tsagarsa, zai buɗe ya zame.

Da gangar ta fita, share giris za ka ga babban noti. Miƙe kunnen washar da aka lanƙwasa a kansa, kwance shi da soket 54, zare washar mai kunnuwa, kwance noti na biyu, zare washa mai kauri mai harshe. Jera su a kan tsumma yadda suka fito. Ja hob ɗin kaɗan ka mayar, boris ɗin waje zai leƙo, ka tare shi da hannu. Sannan ka rungumo hob da faifansa gaba ɗaya ka zare a miƙe. Yana da nauyi, kada ka bari ya ja jiki a kan zaren sifindil, hannun ƙarfen da yake zaune a kai.

Wanki da dubawa

Kifa hob ɗin a kan katako, ka ɓamɓare sil ɗin baya, ka ɗauke boris ɗin ciki. In ƙafa biyu kake yi rana ɗaya, kada kayan hagu su gauraya da na dama. Kowane boris ya saba da kofinsa.

Kwashe tsohon giris duka daga cikin hob. Duka nake nufi, har wanda ya maƙale a lungun tsakiya, domin a nan yashi ke kwanciya. Wanke da kananzir ko gas, ka sake wankewa da sabo har ruwan wankin ya fito fes. Fetur na wanki da sauri, amma a garejin da ake walda a gefe guda kuma wani na kunna sigari a ɗaya gefen, ban ga dalilin kasada ba. In za ka busar da iskar kwamfuresa, riƙe kejin kada ya juya. Yara na son jin kukan da busasshen boris ke yi in iska ta wulwula shi, kuma wasan nan na lalata ƙwayaye, wani lokacin ma keji ya tarwatse a fuskar mutum.

Fito da shi hasken rana, ka juya ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan ramuka, ɓarewar fata, launin shuɗi ko ruwan ƙasa na ƙuna, layukan tsatsa a tsaye a jikin kofi daidai tazarar ƙwayaye, keji da ya lanƙwashe: ko ɗaya ka gani, canza. Launin toka mai laushi ba tare da wani gurbi da farce ke kamawa ba, wannan tsufa ne na lafiya, zai koma.

Sifindil, wato hannun ƙarfen da hob ke zaune a kai, shi ake yawan mantawa. Shafa yatsa a wurin da leɓen sil ke gogawa. In ya yi rami, sabon sil ba zai riƙe ruwa ba komai kyansa. Shafa ta ƙasa inda boris ke zama. In ka ji mataki, tsohon boris ya taɓa juyawa a kansa ya cinye shi, kuma duk ɗaurin da ka yi zai saki. Tsatsa kaɗan samfefa mai laushi na ɗauke ta. Rami da mataki kuwa sai sabon sifindil. Masu cika shi da walda su kai wa mai juyi ya daidaita, ban hana su ba in mota ta maƙale a daji, amma ba zan sa wa motar da za ta sauka Hawan Kibo da kaya ba.

In boris zai canza, kofinsa ma zai canza, ba a raba su. Leƙa cikin hob za ka ga gurabe biyu a bayan kowane kofi, an yi su ne don bakin sanda. Buga nan kaɗan, buga can kaɗan, har ya fito a miƙe. Wajen sa sabo, share mazauninsa tas, ɗora shi daidai, ka yi amfani da tsohon kofin a matsayin abin bugu. Dabarar ita ce ka tsaga tsohon da abin yankan ƙarfe tukuna, don kada shi ma ya maƙale a ramin. Bi da'ira kana bugu sannu-sannu. Kunnenka zai gaya maka ya zauna: ƙarar za ta tashi daga kaf-kaf ta koma ƙarau mai tauri. Kofin da bai kai ƙasa ba zai ƙarasa zama da kansa a hanya, hob ya saki bayan kwana biyu, a ce maka ba ka iya ɗauri ba.

Cusa giris

Shafa wa boris giris a baya ba cusawa ba ce. Wanke hannunka, ɗebo giris kamar girman ƙwan kaza a tafin hagu, kama boris da dama, faffaɗan gefensa na kallon ƙasa, ka riƙa dannawa a gefen giris ɗin kamar mai yankar tuwo, har ka ga ya ɓullo ta sama tsakanin ƙwayaye. Juya kaɗan ka ci gaba, har ka zagaye. Aikin minti biyar ne kowane ɗaya, kuma shi ne minti biyar ɗin da ake yawan sacewa.

Shafe kofunan biyu, ka zuba giris a bangon cikin hob har ya kai tsayin kofuna, amma kada ka cika ramin dam. Giris na buƙatar wurin motsi in ya ɗau zafi. In babu, sai ya ture sil ya fito kan birki. Sa boris ɗin ciki, ɗora sabon sil, ka buga shi da faffaɗan katako har ya yi daidai da baki. Shafa giris kaɗan a leɓensa da jikin sifindil. Ɗauki hob ka zura a miƙe, kada zare ya yagi sil. Sa boris ɗin waje, sa washa mai harshe, harshen ya shiga tsagar sifindil, sannan noti na farko, wato na ciki.

Ɗauri, inda aikin yake

Boris mai kan mazurari ba ya son sako-sako, ba ya son matsi. In ya saki, ƙwayaye biyu ko uku ne ke ɗaukar duk dukan ramuka, sil kuma ya riƙa buɗe baki yana shan ruwa. In ya matsu, zai yi zafi, giris ya narke, ya ƙone. Tsakanin biyun akwai 'yar tazara, kuma ba a gane ta da ƙarfin dantse.

Ɗaure notin farko zuwa nitan-mita 59 (nitan-mita shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Juya hob hagu da dama sau da yawa don ƙwayaye su zauna. Sassauta har notin ya juyu da hannu. Ni ina maimaita wannan sau biyu in boris sabo ne. Sannan ka sake ɗaure shi kaɗan kawai, nitan-mita 5.4, abin da bai wuce ɗaurin yatsu da ɗan ƙari ba.

In ba ka da sifanar aunawa, sikelin kajin nan zai fitar da kai. Sa wa soket hannu, ka auna rabin mita daga tsakiyar noti ka yi alama. Maƙala ƙugiyar sikeli a alamar, ka ja ta gicciye da hannun, ba a karkace ba. Kilo 12 a rabin mita shi ne nitan-mita 59. Kilo ɗaya da ɗan ɗoriya shi ne 5.4. Kilo 13 kuma shi ne 64, wanda za ka buƙata nan gaba kaɗan.

Yanzu auna nauyin juyawar hob. Kalifa ba ta kai tukuna, don haka babu abin da ke riƙe faifai. Maƙala sikeli a ɗaya daga kusoshin taya, ka ja a hankali ta gefen da hob zai juya, idonka a kan allura. Lambar da ta nuna daidai lokacin da hob ya fara motsi ita ake nema: tsakanin kilo 2.9 da 5.7. Gwada sau uku ko huɗu a kusoshi daban-daban. Sau da yawa ɗaurin 5.4 ba ya kai ka wannan lambar, musamman da tsohon boris. Ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan har sikeli ya shiga tazarar. Da sassafen Disamba a Jos giris kan daskare ya ƙara wa sikeli nauyin ƙarya, saboda haka juya hob ɗin sosai kafin ka karanta, ko ka bari rana ta ɗaga.

Sa sabuwar washa mai kunnuwa, sa noti na biyu, ɗaure shi zuwa 64. Sake aunawa da sikeli. Wannan awon na biyu ba na ado ba ne: notin waje na danna na ciki, nauyin juyawa ya ƙaru. In ya haura 5.7, kwance na waje, rage na ciki kaɗan, ka sake. In ya zauna daidai kuma babu wasa ko kaɗan, lanƙwasa kunne ɗaya ciki a kan notin farko, wani kunnen waje a kan noti na biyu.

Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa ce mini, "Oga, ai a wancan garejin sai notin ya ƙi motsi ake bari." Na ce masa ya je ya taɓa hob ɗin motar da suka gama bayan ta yi tafiyar Bukuru ta dawo. Ya dawo yana hura yatsa.

Mayar da makulli da rufewa

Wanke gangar makullin da murfinsa. Nan giris kaɗan ake so, shafawa kawai. In ka cika shi, haƙoran ba za su zame su kama ba, musamman da sanyi, sai ka shiga taɓo ka sa fowil ka ga tayoyin baya kaɗai ke juyawa. Duba zoben roba na jikin abin murɗawa. In ya bushe ya tsage, ta nan ruwa ke bi.

Sa sabon gaskit, zura ganga, mayar da mazurarai shida da notocinsu, ka ɗaure su a gicciye zuwa nitan-mita 31. Mai faranti 35 ne. Shaf ya kan shige ciki har gurbin sikilif ya ɓuya. A bakinsa akwai rami mai zare: ɗaura kusa mai kaurin milimita 8, ka jawo shi waje, ka sa sikilif, ka tabbata ya faɗa gurbinsa ko'ina. Murfi kuma yana kan FREE za ka mayar da shi, da gaskit ɗinsa, kusoshinsa nitan-mita 10 kacal. Ƙanana ne, suna karyewa. Murɗa zuwa LOCK ka juya hob, ka ga shaf na binsa. Mayar FREE ka ga ya sake shi.

Goge faifan birki fuska biyu har babu ɗigon maiƙo. Mayar da kalifa, kusoshinta 123. Sa taya, ɗaure notoci a gicciye, sauke mota, ka ƙarasa ɗaurin a ƙasa. Kafin ka motsa ko taku ɗaya, taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri. Yi tafiyar kamar kilomita goma ba tare da yawan birki ba, ka tsaya ka ɗora bayan hannu a kan hob. Ɗumi ba laifi. Zafin da hannu ba ya iya zama a kai, koma ka rage ɗauri. Bayan sati ɗaya na aiki, ɗaga ƙafar ka sake jijjigawa, ka bi notocin taya.

In ka tarar da miya maimakon giris

Wani lokaci kana zare hob sai wani baƙin ruwa mai warin man giya ya biyo. Wannan ba laifin hob ba ne. Sil ɗin cikin aksil ne ya mutu, man aksil ya gangaro cikin kwano ya narkar da baƙin giris, ya bi ta sifindil ya iso boris. Za ka ga alamarsa tun daga waje: ƙwallon bayan kwano ya jiƙe sharkaf, ƙura ta manne ta yi kauri. In ka sa sabon giris ka rufe, wata ɗaya ka dawo. Sai an cire sifindil, an zare shaf, an canza sil ɗin ciki, an sake cika kwano da giris mai moli kamar kashi uku cikin huɗu.

Kuma kafin ka rufe, nemo abin da ya kashe sil ɗin. Yawanci hancin numfashi ne na saman aksil, laka ta toshe shi. Aksil in ya yi zafi iskar ciki na kumbura, in ba ta sami hanya ba sai ta tura mai ta sil. Cire shi ka wanke, ko ka sa masa dogon tiyo ka kai bakinsa sama cikin ɗakin inji. Kana wurin, bi notoci huɗu na ƙarƙashin kwano da ke riƙe hannun sitiyari. A 80 an san su da sassautawa, ɗaurinsu 96 ne, kuma in suka karye sitiyari ya rabu da taya.

Tsakanin gyara da gyara

Lissafin kilomita na wanda ke yawo a kwalta ne. Motar da ke ƙetare rafi, ni a wurina sau biyu ne a shekara: cikin Maris ko farkon Afrilu kafin ruwa ya sauka, sai Oktoba in ya ɗauke. In ruwa ya taɓa rufe hob gaba ɗaya na ɗan lokaci, kada ka jira Oktoba, buɗe murfin makulli ka leƙa a satin.

Hob mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa na tsukewa ta zuƙo ruwa ta bakin sil. In ka sha gangara kana taka birki sannan ka iso rafi, tsaya minti goma ko sha biyar. A wurin wankin mota ma, hana yaro saita bakin injin feshi a bayan faifai da kan makulli.

Da rani, lokacin da ba ka buƙatar fowil, kulle hob ɗin ka yi tafiyar akalla kilomita 16 kowane wata, kamar yadda littafin Toyota ya ce, don mai da giris su zagaya kayan gaba. Ƙaramar giyar fowil tana iya zama a H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja. Kada ka sa H4, mai sa tayoyi huɗu su ja, a busasshiyar kwalta in motarka ba mai fowil na dindindin ba ce. Manyan tayoyi da rim mai fitowa waje kuma suna ƙara wa boris ɗin waje wahala. In ka sa su don kyau, ka rage tazarar dubawa.

Ƙafar baya ta 70 da 80 masu shaf mai zaruwa kusan haka aikinta yake, sai dai notinta daban ne, mai ramuka, da ƙananan sukurori biyu ke kulle shi. Hilux daga Vigo zuwa yau kuwa boris ɗin gabanta a rufe yake, ba a wanke shi, ba a ƙara masa giris, ba a daidaita ɗaurinsa. In ya yi kuka sai sabo, kuma da injin matsi ake haɗa shi da hob. Kai shi wurin mai injin, ka tsaya a kansa ka ga inda ya ɗora ƙarfen matsin: in ƙarfin ya bi ta cikin ƙwayaye, boris ɗin ya sami tabo tun bai hau mota ba.